Kunyar Inna a Gaban Kyamara

Faskari,
Satumba, 2021.

Zuwa ga baiwar gidanmu, Halimatu Sa'adiya, wadda aka ce yanzu sai da izini ake ganin ta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa. Mai ɗakina Shafa'atu tana gaishe ki. Gero ya yi kyau inda aka samu aka noma, gonakin bakin daji kuwa sai dai mu ce Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Matar ƙanenki Shamsu ta yi nauyi, yau ko gobe.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. An yanke mana sabis gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, daga nan har Sabuwa da Ƙanƙara, waya ta koma fitila da agogo. Gide direba zai kai wannan Zariya, ƙanwar matarsa ta ɗauki hotonta ta turo maki. In kin rubuta amsa ki tura mata, ta buga a takarda, shi ya kawo mani.

Kafin a yanke muka ji a rediyo an ba ki shugabancin kamfanin nan naku mai nuna fina-finai ta waya. Na sha bayani a ɗakin malamai, na ce masu tasha ce ba eriya, ba faranti a kan rufi, Afirka duka za ta riƙa kallo. Allah ya sanya alheri, ya taya ki riƙo. Sai dai ki sani, ko duniya aka ba ki, uwarki ƙanwar ubana ce. Ke ɗiyar mace ce, ni ɗan namiji, don haka ranar da kika zo ke za ki ɗauko mani buta.

Yanzu bari in ba ki labarin yaran nan da kamfaninku ya turo watan jiya su haɗa fim ɗin tarihinki, tunda ni na yi masu jagora. Mun fara da Sabuwa, wurin Hajiya, yayar mahaifinki da ta riƙe ki tun da aka yaye ki. Ai ba su sha wahala ba. Ta yi ta zuba har batirinsu ya mutu. Ta nuna masu turmin da kike hawa kina karanta labarai da muciya a bakinki, kaji su ne masu sauraro.

Daga nan muka wuce Ƙanƙara wurin Gwaggo Suwaiba, mahaifiyarki. Kin san tun da suka baro Ketare tana gidan Shamsu. Muka tarar da ita tana tsintar wake a faifai. Shugabar yaran, wata 'yar siririya mai tabarau, ta sa aka kafa kyamara, ta ce wa tafinta ya ce, "Mama, faɗi sunan 'yarki, ki gaya wa duniya kina alfahari da ita." Ni dai na kama baki. 'Yar fari! A gaban maza baƙi! Gwaggo ta ja mayafi, ta juya ta ba su baya, ta ce, "Wace? Ni ba ni da wata ɗiya da za ni yi magana a kanta. Ku tafi Sabuwa, uwatta tana can." Suka sake tambaya, ta sake ba su amsar nan. Da abin ya ishe ta sai ta tashi ta shige ɗaki, ta aiko masu da fura cike da ƙwarya.

A mota na yi masu bayani da ɗan Turancina, na ce kunya ce, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru, na ɗauka sun gane. Har yau in na tuna sai in yi dariya.

Yaushe za a nuna? Mai gidan kallon unguwarmu ya ce ko a memori sai ya sa an ɗauko mashi daga Zariya.

Ubangidanki,
Yahuza.

Legas,
Satumba, 2021.

Zuwa ga ubangidan da bai taɓa ciyar da baiwarsa ba, Malam Yahuza.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a waya, rubutunka dai har yanzu kamar kaza ta bi ta kan tawada. Muna lafiya, yara suna makaranta. Ka gaishe mani da Kawu, ka ce Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe da Shafa'atu, mai haƙurin zama da kai.

Na yi dariyar labarin muciya, amma ban yi dariyar sauran ba, domin ni na ga abin da suka yi da shi. Yahuza, ba su gane ba. Sun haɗa fim ɗin, kuma da bayan Inna suka buɗe shi. Ga kiɗa mai sanyi, ga mayafinta, ga fassara a ƙasan hoto: ba ni da wata ɗiya. Daga nan har ƙarshe labarin guda ne, wai yarinya ce da uwarta ta yafe ta saboda ta shiga talabijin, ta yi ta fafutika har ta kai inda ta kai. Masu kamfanin sun kalla, wasu har da hawaye. Sun ce da shi za a buɗe tashar a watan Nuwamba.

Na tashi a gabansu na yi bayanin kunya tiryan-tiryan, har na fi ka Turanci. Sai yarinyar nan mai tabarau ta ce, cikin ladabi kuwa, "Madam, to a ɓoye fa? Ta taɓa gaya maki tana murna da ke, ko sau ɗaya?" Na lalubi ko sau ɗaya a raina na rasa, na koma na zauna.

Ka san yadda na faro. Ranar da na fara karanta labarai a Kaduna, marigayi Baba ya yi fushi, ya ce ɗiyarsa ba za ta zama abin kallon gari ba. Daga baya ya sauko, har yana tara mutane a ƙofar gida in lokacin labarai ya yi. Da ya yi fushin Inna ba ta ce komai ba, da ya sauko ma ba ta ce komai ba. Na bar gaban kyamara na koma shirya shirye-shirye, na tafi Landan na yi shekaru ina yi wa Turawa bayanin mu ma mutane ne masu labarin kanmu, na dawo Legas na hau wannan kujera. Duk matakin da na taka sai na kira ta. Abin da nake ji shi ne, "Lafiya lau. Ga Shamsu." Na san al'ada, ba a Legas aka haife ni ba. Amma na ga iyayen wasu, suna kunyar suna ɓoye murmushi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na mayar da hoton nan baya na sake kallo har na gaji, fuskar ba ta juyo ba.

Za ka ce ai ni ce shugaba, in sa a cire mana. Ranar da na kama aiki na tara ma'aikata na ce a tashar nan ba za a yanke gaskiya don a rufa wa wani babba asiri ba. Kwanan nan wani attajiri ya nemi a cire wani abu game da gidansu, na hana. In abu na farko da na yanke na gidanmu ne, ba tare da hujja ba, da wane ido zan kalle su? Idan ƙarya ce, dole in cire, ko me zai biyo baya. Idan kuwa gaskiya yaran nan suka hango, wadda ni na ƙi kallo shekara da shekaru, to ba ni da ikon taɓa shi.

Don Allah ka je Ƙanƙara ka gano mani. Kunya ce kawai, ko akwai fushi a ƙarƙashinta? Kai ɗan ɗan'uwanta ne, tana sakewa da kai. Ƙarshen Oktoba ake rufe fim ɗin, daga nan sai in sa hannu. Ina jin tsoron amsar, amma rashin ta ya fi damuna.

Taka,
Sadiya.

Legas,
ƙarshen Oktoba, 2021.

Malam Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da Kawu. Mu lafiya lau.

Na jira har na daina duba waya. Na kira ƙanwar matar Gide, ta ce ta buga takardata tun tuni ta ajiye a shagon da yake ɗauka, ba ta kuma ga amsa ba. Na san ka, Yahuza. In labari mai daɗi ne da ko a ƙafa ka kawo shi Zariya, don ka samu abin yi mani gori. Tunda ka yi shiru, ka je ka ji abin da ba ka iya rubutawa ne. Na gode da ka tausaya mani. Shiru ma magana ce.

Na sa hannu jiya. Fim ɗin zai fita yadda yake. Ban riƙe Inna da komai ba, Allah ya sani. Wataƙila da na zauna kusa na yi aikin da ba a ganin fuskata, da ta samu ɗiyar da take so. Zan ci gaba da yi mata duk abin da nake yi.

Kada ka nuna mata na tambaya.

Sadiya.

Faskari,
Nuwamba, 2021.

Sadiya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, gaisuwar ke nan yau, domin raina a ɓace yake.

Takardunki biyu tare suka iso hannuna. Gide bai fita ba tun kwanakin baya. An hana motocin haya bin hanyar Sheme, mai ya yi wuya, sannan zazzaɓi ya kwantar da shi. Takardarki ta farko tana can shagon Zariya tana shan ƙura, ke kuma kina Legas kina fassara shiruna. Haba Sadiya! Ke da kike tace labarin duniya kafin ki yarda da shi, shirun hanya kika ɗauka shirun uwa? Da ina kusa da na ja kunnenki, shugabancin naki da komai.

Washegari na nemi izini a makaranta, na zaga ta Funtuwa na isa Ƙanƙara. Na zauna gaban Gwaggo na yi ta kewaye-kewaye, na ce mutanen Legas suna gaisuwa, na ce an ƙara wa wasu girma a wurin aiki. Ta dube ni ta ce, "Yahuza, ka ci abinci kuwa?" Nan tambayata ta mutu. Ke ma kin san ba a yi wa irinsu wannan tambayar, kin dai aike ni ne don ba ki da yadda za ki yi.

Amma ga abin da ba ki sani ba saboda rashin sabis. Rukayya matar Shamsu ta sauka lafiya tun farkon Oktoba, mace. Shamsu ya riga ya yi wa surukarsa alkawarin takwara, an sayi goro, dangin Rukayya sun zo daga Mabai da shirinsu. Ana gobe suna Gwaggo ta kira shi ɗaki. Matar da ba ta taɓa cewa a sayo mata ko gishiri ba, ta ce mashi, "A maida sunan waccan ta Ikko." Shamsu ya ce, "Inna, na fa yi alkawari." Ta ce, "Ni za ni ba su haƙuri." Ta kuwa yafa mayafi ta je masaukinsu da kanta, ta durƙusa wa matar da ta girme wa. Aka raɗa wa yarinya Halimatu Sa'adiya. Mutanen Mabai har yau ba su gama hucewa ba.

Kin ga ta jawo wa kanta, domin yanzu jikar ma ba ta iya kiran sunanta. Sai ta laƙaba mata Shugaba. Kullum tana bayanta, uwar sai in za ta ba ta nono take ganin ta.

Da la'asar na fita alwala bayan danga, ba ta san ina nan ba. Na ji tana yi wa jaririyar wasa, tana cewa:

"Shugaba ta Ikko, mai magana a ji ta Makka,
Ta bar Ketare da ƙafa, ta dawo cikin jirgi,
Maza na tsaye tana zaune,
Wanda ya haifi wagga ya haifi dubu."

Sadiya, yarinyar nan ko zaure ba ta taɓa leƙawa ba, balle jirgi. Ke ki gaya mani da wa ake. Na tsaya da buta a hannu, hawaye na zuba, ni da nake malamin makaranta. Da na yi gyaran murya na shigo sai ta ɗaure fuska, ta ce, "Wagga ja'ira ta cika kuka," alhali yarinyar barci take.

Kin tambaye ni ko akwai wani abu a ƙarƙashin kunyar. Akwai, amma ba fushi ba ne. Na ba Gide kuɗin mai na musamman ya kai wannan yau. Ki tsayar da fim ɗin nan, don girman Allah.

Yahuza.

Legas,
Nuwamba, 2021.

Yayana Yahuza,

Wa alaikumus salam. Yau ba zan tsokane ka ba. Allah ya raya takwarata, ya ba Rukayya lafiyar shayarwa. Ka ce wa Gide Allah ya ƙara sauƙi.

A ofis na karanta takardarka. Na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. Da na wanke fuska na kira masu kamfanin na ce fim ɗin ba zai fita ba, domin abin da ya ginu a kai ba gaskiya ba ne. Saura kwana kaɗan a buɗe tashar. An yi ta kai ruwa rana. A ƙarshe muka buɗe da wani fim, abin ya yi lami, manyan baƙin da aka gayyato don labarina suka watse suna gunaguni. Yarinyar mai tabarau ta yi kuka, na ce mata ba laifinta ba ne. Ita baƙuwa ce, ta ga baya ta ɗauka ƙiyayya ce. Ni ce 'yar gida, kuma ni na sa hannu.

Sai dai ban tare abin duka ba. Tun ranar da na sa hannu aka saki tallar fim ɗin, ɗan guntu ne, kuma bayan Inna ne a ciki da maganar nan tata. Mun cire daga wurinmu, amma magana zarar bunu ce. Yana ta yawo a wayoyin mutane. Waɗanda ba su san ta ba suna ta rubuta muguwar uwa, marar imani, har da masu tsine mata. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina faɗan a kai wa kowa sabis, yau addu'a nake naku ya ƙara jinkiri.

Ina roƙon ka ka koma Ƙanƙara ka gaya mata da bakinka kafin waya ta gaya mata. Ka ce ni na yi, ina neman gafara. Da zan iya da na taho yau, amma an sa zama a kaina a watan Disamba, za a duba ko zan ci gaba da riƙe kujerar. Sun ce tunda na ce ƙarya ce, in kawo hujja: a ɗauko Inna tana kallon kyamara, ta kama sunana, ta ce ita ta haife ni. Wai sai a sauya ƙarshen fim ɗin, kowa ya huta. Na ce masu su nemi wani abin, wannan ba mai yiwuwa ba ne. Kai kaɗai na gaya wa wannan. Kada ya kai kunnenta.

Ƙanwarka,
Sadiya.

Faskari,
Disamba, 2021.

Sadiya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Baba yana gaishe ki, Shugaba ta fara dariya. Kin ga sabis ya dawo, na kuma ga kiranki ban ɗauka ba. Ki yi haƙuri, maganar nan ba ta waya ba ce, in na fara da baki ba zan kai ƙarshe ba. Shi ya sa na rubuta na ɗauki hoton takardar da kaina.

Waya ta riga ni. Ina cikin mota a hanyar Ƙanƙara na ji wayoyin fasinjoji sun fara ƙara gaba ɗaya, mutane na ta hamdala, ni kuwa na tuna da tallar nan. Kafin in isa wata maƙwabciya ta riga ta kai wa Gwaggo ita. Na tarar da tsakar gida cike da mata kamar an zo jaje, wasu na tausayi, wasu sun zo ganin yadda za ta yi. An karanta mata har zagin da aka rubuta a ƙasa.

Gwaggo tana zaune da Shugaba a cinya. Ta sa aka sake kunna mata, ta kalla, ta ce, "Ashe haka mayafin nan ya koɗe ta baya, ba wanda ya gaya mani." Mata suka yi dariyar dole. Na durƙusa na isar da saƙonki, na ce kin tsayar da fim ɗin, kina neman gafara. Ta ce, "Gafarar mi? Waɗanda suka zage ni sun san ni ne?" Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ita waccan, abin ya taɓa aikinta?"

Sadiya, kin ce kada in faɗa. Na yi niyyar in ce a'a. Amma ƙanwar ubana ce ta tambaye ni, ban iya yi mata ƙarya ba. Na gaya mata zaman da za a yi, da abin da suka nema, na kuma ce kin riga kin ce masu ba mai yiwuwa ba ne. In za ki yi fushi, da ni za ki yi.

Ta miƙa wa Rukayya yarinyar ta shiga ɗaki. Na ɗauka shi ke nan. Can sai ga ta ta fito da atamfarta ta Sallah da sabon mayafi. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, matan nan duk suna nan, har da surukarta, har da Shamsu a bakin zaure. Ta nuna wayata ta ce, "Kunna abin." Na ce, "Gwaggo, ba sai kin yi ba." Ta ce, "Yaro, kunna."

Ta kalli wayar ido cikin ido. Gumi na bin wuyanta. Ta ce, "Ni ce Suwaiba ta Ketare. Wagga da ke shugabancinku, ni na haife ta, ita ce ta farina. Ban taɓa fushi da ita ba ko na yini guda." Ta tsaya. Bakinta ya yi motsi, abin ya ƙi fita. Ta haɗiye yawu ta sake gwadawa, sannan ta ce, "Sunanta Halimatu Sa'adiya. Ku bar mata aikinta."

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu, Suwaiba!" Mata suka rufe baki da mayafi, Shamsu ya fice waje. Ita kuwa ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Har na baro garin ba ta fito tsakar gida ba, sai dai a miƙa mata abinci. Da na je sallama ta bayan labule ta ce, "Ka aika masu. In bai yi ba a sake."

Yana nan cikin wayata, ban tura wa kowa ba. Na kalla sau ɗaya na kasa ƙarawa. Na san zai wanke ta a idon duniya, ya kuma tsare maki kujerarki, kuma ita ta ce a aika. Amma na ga abin da ya ci mata kafin ya fito. Ke ce mai sana'ar, ke ce kuma mai uwar. Abin da kika ce shi zan yi.

Yayanki,
Yahuza.

Legas,
Disamba, 2021.

Yaya Yahuza,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ban yi fushi da kai ba, da ni ce a gabanta ni ma da na faɗa.

Kada ka turo. Na san abin da zai yi in ya fita. Na shekara ashirin da wani abu a aikin nan, ko ban gani ba na san babu wanda zai kalle shi bai yi kuka ba, kuma masu kamfanin za su tashi tsaye su tafa mani. Sannan a yanka shi gunduwa-gunduwa, a sa mashi kiɗa, ya yi ta yawo a wayar duk wanda ya ga dama, har 'yan Ketare su riƙa kunna shi a shagon caji. Na riga na ba duniya bayanta ba da saninta ba. Ba zan ƙara masu da fuskarta ba. Don ni ta yi, ba don su ba.

Jibi za a yi zaman. Zan shiga in gaya masu ina da hujja kuma ba zan nuna ba, su yarda da maganata ko su nemi wani shugaban. Ina son aikin nan, Yahuza, ba zan ɓoye maka ba, na sha wuya kafin in same shi, kuma in suka karɓe zai yi mani ciwo ƙwarai. Amma ba da kujera aka haife ni ba.

Ko me suka yanke, ina tafe ranar Juma'a ta Kano. Ka riƙe shi a wayarka, kada ko Shafa'atu ta gani. Zan kalla sau ɗaya, ni kaɗai, sannan ka goge shi a gabana.

Kafin nan ka kira Shamsu ya kai mata waya bakin labule. Ka ce mata ba sai an sake ba. Ta fito ta sha iska, bayan matan da suka gani babu wani bare da zai ƙara gani. Wadda aka yi dominta ta ji.

Ƙanwarka,
Sadiya.